Me Ke Sa Ƙafa Ta Sage Idan An Daɗe A Zaune?

Ka harɗe ƙafafu ka daɗe a zaune. Da ka miƙe, sai ka ji ƙafar kamar ba taka ba, kana takawa amma ba ka jin ƙasa. Can sai ta fara tsikari, kai ka ce allurai ake soka maka.

Da yawa cewa suke jini ne ya daina zuwa ƙafar. Da ƙamshin gaskiya, amma wadda ta sha wuyar ita ce jijiyar saƙo, wadda ke kai labari tsakanin ƙafa da ƙwaƙwalwa.

Kai hannu gefen gwiwarka ta waje, ka ɗan yi ƙasa. Ka ji wani ɗan ƙashi ya turo? To, dab da shi wata jijiya ke zagayawa, ba wata tsoka mai kauri da ta kare ta. Idan ka ɗora ƙafa kan ƙafa, ita kake matsewa jikin ƙashin. Ita kuwa jijiya tana da nata ƙananan hanyoyin jini masu kai mata iskar oksijin da suga. Da an danne su, sai ta rasa ƙarfin aika saƙo, ƙwaƙwalwa ta ji shiru. Sagewar ke nan. Haka abin yake a hannu idan ka danne shi cikin barci.

Tsikarin fa? Wannan ya fi burge ni. Sai ka ɗaga nauyin yake tsananta. Jini ya dawo, jijiyar ta farfaɗo, amma ba ta dawo daidai lokaci guda ba. Zaruruwanta sai su riƙa harba saƙo barkatai, alhali babu abin da ya taɓa fatar. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da yadda za ta fassara wannan hayaniya sai a matsayin suka da zafi-zafi. Cikin 'yan mintoci komai ya lafa.

Don Allah kada ka yi saurin takawa, mutum na iya gurɗewa. Motsa yatsu tukuna.

Amma sagewar da ke zuwa ba tare da an danne komai ba, ko ta ƙi tafiya, a je likita ya duba. Ciwon suga da ƙarancin bitamin B12 duk suna lalata jijiyoyi. Idan kuwa ɓari guda na jiki ne ya sage farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya asibiti nan take.