Ranar da Ghana ta goge sifili huɗu

Sani: Jama'a barkanku da warhaka, yau hirar kuɗi za mu yi, kuma Ghana muka nufa. Anti Rabi ke da kike da dangi a zangon Kumasi, ba mu labari.

Rabi: Toh kafin 2007 fa kowa miloniya ne a Ghana wallahi. Takardar kuɗi mafi girma ita ce sidi 20,000, kuma da ƙyar ta wuce dala 2, to ka ga wanda zai je kasuwar Kantamanto ta Accra sarin gwanjo sai ya cika jakar leda da kuɗi, a banki kuma a wuni ana ƙirga.

Bala: Ɓarawo ma sai ya sha nauyi.

Rabi: Hahaha ai kuwa. Shi ne ran 1 ga Yulin 2007, lokacin shugaba Kufuor, babban bankin ƙasar ƙarƙashin Paul Acquah ya fito da sabon sidi, tsohon 10,000 ya koma sidi 1.

Sani: Tsaya Anti, mutum ya kwana da miliyan ya tashi da 100, ba a yi rigima ba?

Rabi: Abin da ya burge ni ke nan, ba su yi wa mutane ba-zata ba. Tun watanni kafin ranar ake ta waƙa a rediyo da talabijin cewa darajar ɗaya ce, har yara suka haddace, sannan wata 6 cur tsoho da sabo suna yawo tare a kasuwa har ƙarshen Disamba, a shago za ka ga farashi biyu a jikin kaya, ka biya da tsoho a ba ka canji da sabo babu mai harararka. Bayan wa'adin ma kana iya kai tsohon banki a canza maka.

Bala: Wata 6! Mu nan Najeriya na Emefiele, gwamnan babban banki na lokacin, sabbin takardu sun fito 15 ga Disamba 2022, aka ce 31 ga Janairu tsoho ya mutu. Kuma fa zane kawai aka sauya.

Sani: Malam Bala kar ka tuna min layin ATM don Allah, masu POS suka riƙa sayar mana da namu kuɗin.

Bala: Sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a watan Maris. Amma ni fa kar a cika yabon Ghana, goge sifili kwalliya ce. Lokacin sidi 1 ya ɗan fi dala 1, yau fa? A 2019 sai da suka bugo takardar 100 da 200, wato sifilin na lallaɓowa ta baya.

Rabi: Wannan gaskiya ne, in ba a tare hauhawar farashi ba sai a koma gidan jiya. Kuma 'yan kasuwa sun yi nasu wayon, abin da ya kamata ya zama pesewa 18 (kwabon Ghana ke nan) sai a ce 20, wai babu canji, ƙaramin kwabon pesewa 1 ɗin nan ma mutane ƙin karɓa suka yi.

Sani: Wai har yanzu tsofaffi da tsohon lissafi suke yi?

Rabi: Sosai ma. Gwaggona in ta ce miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi, baƙo sai ya firgita.

Bala: Kun san Soludo ma, lokacin yana gwamnan babban bankinmu, ya so goge sifili biyu a naira a Agustan 2007 ɗin?

Sani: Kai haba!

Bala: Allah kuwa, N100 ta koma N1, gwamnatin 'Yar'adua ta dakatar da shi.

Rabi: Da yanzu mafi ƙarancin albashi na N70,000 ya zama 700, Sani ka je ka faɗa wa madam haka mu gani.

Sani: A'a ba da ni ba. Mu ɗan je talla mu dawo.