Saurin Daga Pank Ya Zo: Yadda Makaɗan Bayan Fage na Ingila Suka Haɗa Pank da Metal

[Hoto: ƙaramin ɗaki mai duhu, samari cikin baƙaƙen kaya, mai ganga yana ta bugu. A bar sautin ya yi daƙiƙa biyar.]

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan guntun bidiyo da ire-irensa da ke yawo a wayoyi, kusan duk wanda ya tura shi sai ya rubuta "kiɗan metal" a ƙasa. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, ai ba ka ji saurin ba? Ga ihu, ga ƙara, ga gashi har kafaɗa. To a nan ake ɓata hanya. Saurin da kuke ji daga wani salon kiɗa ya zo, wanda ake kira pank. Abin da metal, wato kiɗan ƙarfe, ya kawo daban ne, yana hannun da mai jita ke kaɗa tsirkiya da shi, kuma a kansa za mu fi zama yau. Tarihin kuwa da gudu za mu bi shi.

[Hoto: masana'antun Birmingham, hayaƙi, tsofaffin hotuna marasa launi.]

Birmingham ke nan, tsakiyar Ingila, garin maƙera da masana'antun ƙarfe. A nan aka kafa ƙungiyar kiɗa ta Black Sabbath a 1968, faifansu na farko ya fito a 1970. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wurin aiki. Sai ya narkar da robar kwalba ya yi wa yatsun 'yar hula, daga baya kuma ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don su daina yi masa zafi. Tsirkiya in ta yi sako-sako muryarta kauri take yi. Ku saurara da kyau, yawancin kiɗan Sabbath a hankali yake tafiya, da nauyi.

[Hoto: Landan, 1977, samari da gashi a tsaye.]

Sai pank ya ɓullo a Landan wajen 1976: Sex Pistols, The Clash, The Damned. Waƙa gajera, kiɗa mai sauƙi, fushi a fili. Nan take aka rabu gida biyu. 'Yan pank suna ganin 'yan metal masu nuna gwaninta ne kawai, su yi ta jan waƙa suna labarin dodanni alhali mutane ba su da aikin yi. 'Yan metal kuma suna cewa waɗancan ko riƙe jita ba su iya ba. A wasu garuruwan tsawon gashinka kaɗai ya isa ya jawo maka faɗa a bakin titi.

Ƙungiya ɗaya ce kowa ya yarda da ita, wato Motörhead, wadda Lemmy ya kafa a 1975. A wasanta ne mai dogon gashi da mai gashi a tsaye ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa.

[Hoto: layin masu neman aiki, Margaret Thatcher, gwajin bam na nukiliya.]

Margaret Thatcher ta hau mulki a matsayin firaministar Birtaniya a 1979. Zuwa 1982 marasa aikin yi sun haura miliyan 3, a shekarar kuma aka yi yaƙin tsibiran Falkland. Ga tsoron nukiliya, har gwamnati ta buga ɗan littafi a 1980 tana koya wa mutane su shafa wa tagogi farin fenti, su jingina ƙyaure a bango su ɓuya a ƙarƙashi idan bam ya faɗo. Yaron da ya taso yana karanta irin wannan, wace irin waƙa kuke tsammanin zai yi?

[Hoto: bangon faifan Discharge, kurciya a soke kan tsinin bindiga.]

Ga amsar: ƙungiyar Discharge, daga Stoke-on-Trent, garin masu yin tangaran. An kafa ta a 1977, faifanta da ya girgiza kowa, Hear Nothing See Nothing Say Nothing, ya fito a 1982 a ƙaramin kamfanin Clay. Baiti biyu ko uku a kan yaƙi, a yi ta maimaita su da ihu, minti ɗaya da rabi an gama. Yanzu ku aje duk abin da kuke yi, mun iso wurin.

[Hoto: mai ganga shi kaɗai, kyamara a kan ƙafarsa da hannayensa. An rage gudun bidiyon.]

Ganga biyu kawai za ku kalla. Babbar da ake takawa da ƙafa, mai cewa "dum". Da ƙaramar da ke tsakanin gwiwoyi, mai cewa "tas". Ku ƙirga daga ɗaya zuwa takwas, daidai wa daida. A kiɗan pank na farko-farko, dum na faɗuwa a ɗaya da biyar, tas a uku da bakwai. Komai a mazauninsa.

[A saki sautin: dum, tas, dum, tas.]

Yanzu ga na Discharge. Tas na nan inda take, uku da bakwai. Amma dum ta koma ɗaya, huɗu, da shida. Ku dubi biyar. Babu kowa a wurin. Kunnenka na jiran bugu a biyar, sai ya zo kafin lokaci, wani kuma ya zo bayan lokaci.

[Lambobi 1 zuwa 8 a kan allo, 5 da jan launi. A saki sautin sau huɗu, a hankali.]

Dum, tas-dum, dum-tas. Ku tafa shi a cinya, hagu ta zama dum, dama ta zama tas. Karon farko hannu zai so ya cike gurbin nan na biyar, kada ku bar shi. Idan kuka ƙara sauri za ku ji kamar mai gangarowa daga tudu da kaya a ka, ƙafa na neman tsayawa, nauyi na tura shi gaba. Wannan shi ake kira bugun D, kuma D ɗin ta Discharge ce. An ɗan ji irinsa a wajen wasu kafin su, amma su ne suka mayar da shi gida suka zauna a ciki. Duk inda kuka ji shi, ko a Suwidin ne, ko Japan, ko Barazil, to jinin pank ne ke gudana, komai tsawon gashin mai bugun.

[Hoto: hannun mai jita, kusa sosai.]

To ina metal ɗin? Ga shi nan. Ku kalli hannun nan. Ɗan pank yana sakin hannunsa ne daga gwiwar hannu, ya share tsirkiyoyi gaba ɗaya, sama da ƙasa, su yi ta amo suna shiga juna. Sautin a buɗe yake, "shaaa".

[Sauti.]

Yanzu ku kalli wannan. Ya kwantar da gefen tafin hannunsa, ɓangaren ƙaramin yatsa, a kan tsirkiyoyi, can ƙarshensu inda aka ɗaure su a jikin jitar. Bai danne su har su mutu ba, taɓawa ce kawai. Sannan yana bugun tsirkiya mafi kauri ita kaɗai, da wuyan hannu. Amon ya gajarce, ya yi kauri, "jug, jug, jug".

[Sauti. A maimaita biyun a jere: buɗaɗɗe, sannan danne.]

Idan hannun ya matsa gaba da faɗin yatsa ɗaya, sautin ya shaƙe gaba ɗaya. Idan ya ja baya, ya buɗe. A cikin wannan ɗan taƙi ake wasan, kuma shi ya sa ba a koyonsa rana ɗaya. Gadon Black Sabbath ne da Judas Priest, su ma 'yan yankin Birmingham, da samarin da suka biyo baya irin su Iron Maiden da Venom. Amfaninsa shi ne yana raba bugu da bugu, sai jita ta samu jimlar da za ka iya rerawa da baki bayan an kashe faifan. A pank jita bango ce ta ƙara. A metal jita magana take yi.

Haɗin da muke zance a kai ke nan: ƙafar mai ganga a pank, tafin mai jita a metal. Murya da abin da ake faɗa suka zauna a pank, yaƙi, yunwa, 'yan sanda, zaluntar dabbobi, wasu kuma da sukar coci. Tsawon waƙa da kaurin sauti suka jingina da metal.

[Hoto: bangon faifai suna wucewa da sauri.]

Bones, mai jitar Discharge, ya fita ya kafa Broken Bones a 1983, ya ƙara wa jitar magana. English Dogs daga Grantham, garin da aka haifi ita Thatcher ɗin, suka juya zuwa metal a tsakiyar shekarun 1980. Onslaught daga Bristol sun fara da kwaikwayon Discharge, zuwa 1985 sun zama 'yan metal sosai. Sai Sacrilege daga yankin Birmingham, da faifansu Behind the Realms of Madness na 1985, mace ce mai waƙarsu, ana kiranta Tam. Ni a ganina babu inda za ka ji haɗin nan tsaf kamar a wannan faifan. Ganga na gangarowa, jita na danne, babu wanda ya cinye wani.

[Hoto: titunan Bristol, gidajen da aka toshe tagoginsu da katako. Hotuna tsayayyu, a riƙa jan su a hankali.]

A nan bidiyo ya yi ƙaranci, don mutanen da za mu ambata ba su da kuɗin abinci ma balle kyamara. Sai ku yi haƙuri da hotuna tsayayyu, mu ɗan yi hira.

Amebix. Wa da ƙani ne suka fara ta a yankin Devon a 1978, Rob Miller da Stig, daga baya suka koma Bristol suna kwana a gidajen da masu su suka yi watsi da su, sau da yawa babu wuta babu ruwan zafi. Su ne hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa metal sauri ne. Da metal ya shiga kiɗansu sai suka rage gudu. Ku saurari Arise! na 1985, wanda kamfanin Alternative Tentacles ya fitar. Jitar bes na gurnani, ganguna na tafiya da nauyi, murya a shaƙe, kana jin sanyin ɗakin da aka rubuta waƙoƙin a ciki. Wannan faifai yana taɓa ni ƙwarai, don babu ƙarya a cikinsa: mutane ne da ke cikin wahala suka nemo sautin da ya yi daidai da ita. Shi Rob, bayan ƙungiyar ta watse a 1987, sai ya tafi tsibirin Skye ya koyi ƙira, ya zama maƙerin takubba. Daga kiɗan ƙarfe zuwa bugun ƙarfe na gaske, Allah mai iko.

Salon nasu da na ƙungiyar Antisect shi ne daga baya aka sa wa suna krost, kuma sunan ya bi kaset ɗin Ripper Crust da ƙungiyar Hellbastard ta Newcastle ta fitar a 1986. A wannan salon akwai Deviated Instinct a Norwich, akwai Axegrinder a Landan.

[Hoto: kaset, ambulan, mujallun da aka yi da injin kwafi.]

Ta yaya waƙoƙin suka yaɗu, babu intanet, manyan kamfanoni kuma ba su kula su ba? Ta gidan waya. Ka kwafi kaset ka aika wa wani a Finlan, shi ma ya aiko maka da nasu. Wasu har sabulu suke shafa wa kan sarki, don a goge hatimin a sake amfani da shi. A bangon faifai sukan buga farashi, su ce kada ka biya fiye da haka, al'adar da ƙungiyar Crass ta yaɗa. A Birmingham kuwa a lokacin ana taruwa a wata mashaya mai suna Mermaid. Sai John Peel na gidan rediyon BBC, wanda ya riƙa gayyato irin waɗannan yara su ɗauki waƙa, ya saka wa duk ƙasar.

[Hoto: bangon Grave New World.]

Ga abin da ke nuna cewa haɗin nan yana da ƙa'ida. A 1986 ita kanta Discharge ta fitar da Grave New World. Sun ɗauko metal, amma ta wani gefen: mai waƙarsu Cal ya koma siririyar murya mai tashi sama, waƙoƙi suka yi tsawo, bugun D ya ɓace. Masoyansu suka ƙi faifan, a zagayen da suka yi a Amurka aka riƙa yi musu ihu, ba a jima ba suka watse. Ina ganin an ɗan tsananta musu, ko wane mawaƙi yana da haƙƙin gwada sabon abu. Sai dai sun saki abin da ya sa aka san su, ba su kuma kamo nauyin da zai maye gurbinsa ba.

[Hoto: Napalm Death, Bolt Thrower, Metallica a babban fili.]

Waɗanda suka riƙe biyun kuwa sun wuce gaba. Napalm Death suka ƙure sauri a Scum na 1987, har da waƙar da ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Bolt Thrower ta Coventry, wadda aka kafa a 1986, ta bi ɓangaren nauyi. A 1998 kuma Metallica, mai cika filayen ƙwallo, ta sake rera waƙoƙin Discharge guda biyu a faifanta Garage Inc.

[Hoto: allo ya rabu biyu, ƙafar mai ganga a hagu, hannun mai jita a dama.]

Ga aikin gida. Ku nemo faifan Discharge na 1982, ku tafa bugun a cinya har sai hannu ya daina faɗawa biyar. Sannan ku saka na Sacrilege, ku bar ganga, ku bi jita kaɗai, ku lura da inda tafin hannu ya sauka da inda ya ɗaga. Na Amebix ku bar shi ƙarshe, ku ji shi daga farko har ƙarshe ba tare da tsallakewa ba. A bidiyo na gaba za mu shiga Mermaid ɗin nan, mu ga yadda aka kai ga waƙar daƙiƙa ɗaya. Sai mun haɗu.