Bayan an fiɗiye zomo: ku sa ido kan bakinsa da kashinsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau maganar zomon da aka dawo da shi daga asibitin dabbobi za mu yi, ko namiji da aka fiɗiye, ko mace da aka cire wa mahaifa. Yawancin masu zomo da sun iso gida, hankalinsu na kan ɗinki. Za mu zo kan ɗinkin. Amma abin da ya fi saurin kashe zomo a kwana 2 na farko shi ne ya daina ci.

Hanjin zomo ba ya hutu. Ciyawa na shiga, kashi na fita, dare da rana. Raɗaɗin tiyata, da tsoro, da maganin sa barci, kowannensu yana rage wannan motsi. Da hanji ya tsaya sai iska ta taru, ciki ya ƙulle, ciwo ya ƙaru, zomo ya ƙara juya wa abinci baya. Shi ya sa likita ba ya cewa a hana zomo abinci kafin tiyata kamar yadda ake yi wa kare da kyanwa. Zomo ba ya iya amai, don haka babu dalilin barinsa da yunwa.

To, kuna shigowa gida, ku ajiye masa abin da ya saba da shi: busasshiyar ciyawa, harawar gyaɗa, ganyen karas, ganyen dankalin Hausa, duk wanda kuka san idan ya gani ba ya haƙuri. Yau ba ranar gwada sabon abinci ba ce. Ku wanke ganyen, ku ba shi da lemarsa, don ruwa ya shiga tare da shi. Ruwan sha kuwa a kwano mai faɗi, kusa da inda yake kwance, kada sai ya miƙe kafin ya kai. Namiji yakan fara taɓa abinci a yammacin ranar. Mace takan fi jinkiri, saboda ita cikinta aka buɗe.

Yanzu ku dubi ƙasan keji. Ku share shi tas kafin ku sa zomon, don ku san duk kashin da kuka gani sabo ne. Na farko yakan fito ƙanana, busassu, baƙaƙe, wasu ma a karkace. Ba laifi, muddin yana fitowa yana kuma ƙara girma. Idan aka yi awa 12 bai ci komai ba, ko babu kashi ko ɗaya, ku kira likita nan take, ko da tsakar dare ne. “Bari mu ga zuwa gobe” ta kashe zomaye da yawa.

Idan likita ya ce ku ɗura masa abinci, ga yadda ake yi. A jiƙa abincinsa na buhu a ruwan ɗumi har ya narke, a dama shi ruwa-ruwa, a zuƙa a sirinji wanda aka cire wa allura. Ku naɗe zomon a tawul, ƙafafunsa huɗu a ƙasa, kansa kawai a waje. Bayan dogayen haƙoran gaba akwai giɓin da babu haƙori. Ta nan, ta gefe, za ku zura bakin sirinjin, ku matsa kamar mililita 1, ku tsaya ku ga yana taunawa ya haɗiye, sannan ku ƙara. Kada ku kwantar da shi rigingine, abincin zai iya bin hanyar numfashi. Idan kuma kun taɓa cikin kun ji ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ku ajiye sirinjin, ku nufi asibiti.

Zomo dabba ce da ake farauta a daji, saboda haka ɓoye ciwo yake yi. Ba zai yi kuka ba. Za ku gan shi a takure a lungu, baya a tanƙware, ido a lumshe, kunnuwa a manne da baya, wani lokaci kuna jin ƙarar cizon haƙora. Wannan raɗaɗi ne, kuma mai raɗaɗi ba ya ci. Likitoci sukan bayar da maganin kashe zafi mai suna meloxicam na ’yan kwanaki. Ku ba shi daidai awon da aka rubuta, kan lokaci, ko da kun ga kamar ya warware. Idan aka sallame ku babu maganin kashe zafi, ku tambaya kafin ku fito.

A nan sai na ja kunne da babbar murya, don na san halinmu da kemis. Ampiclox, amoxicillin, da duk dangin penicillin da ake sha ta baki, haka clindamycin da lincomycin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjin zomo. Sai zawo ya ɓarke, kafin ka ce kwabo zomo ya tafi. Maganin ƙuma mai ɗauke da fipronil, irin na karnuka, shi ma guba ne gare shi. Ragowar maganin yaro ko na akuya, kada ya kusanci bakinsa.

Sai zafin jiki. Na zomo mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 da 40, kuma maganin sa barci yana sauke shi. Idan hunturu ne, ku shigo da shi ɗaki a daren farko, ku naɗe gorar ruwan ɗumi a tsumma ku ajiye a gefe guda, yadda zai iya matsawa idan ya ji ya ishe shi. Kunnuwa sun yi sanyi ƙalau kuma ba ya motsi, alama ce mara kyau. Idan bazara ce kuma, abin ya juya. Zomo yana fara galabaita da zafi ya doshi digiri 30, balle watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da yake wuce 40. Inuwa, iska, da gorar ƙanƙara a naɗe. Ni dai da za a tambaye ni, a ɗaga tiyatar da ba ta gaggawa ba har zafi ya sauka.

Ɗinki kuwa, ku duba safe da yamma. Ɗan kumburi a marainan namiji na ’yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Jini mai ɗiga, mugunya, wari, ɗinki ya buɗe, ko kumburin da ke ƙaruwa, waɗannan na likita ne. Ku shimfiɗa tsohon zani mai tsabta ko jarida, ku canja kullum. Dusar katako da yashi suna maƙalewa a ciwo. Ba wanka, ba toka, ba man shafawa. Ku rufe kejin da gidan sauro, domin ƙuda na yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, cikin yini guda tsutsa ta fito.

Idan yana cizon ɗinkin, kada ku yi saurin ɗaura masa robar wuyan nan da ake sa wa karnuka. Zomo yana fitar da wani kashi mai laushi da yake ci kai tsaye daga duburarsa, yana samun sinadaran gina jiki daga ciki, kuma robar tana hana shi kaiwa. Ku fara gaya wa likita, sau da yawa ƙarin maganin zafi ne ke raba shi da cizon.

Kwana 7 zuwa 10 ba tsalle, ba hawa kan komai. In dole ku ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi. Ɗaukar zomo da kunne ba daidai ba ne ko yana da lafiya.

Abu na ƙarshe, wanda ke ba mutane mamaki: namijin da aka fiɗiye zai iya yi wa mace ciki har mako 6 bayan tiyata, kuma cikin zomanya kusan kwana 31 ne kawai. Ku raba su har lokacin ya cika. Ku jera kejinsu kusa, suna gani suna jin warin juna. Ranar da za ku haɗa su, ku zaɓi wurin da babu wanda ya taɓa zama a cikinsu, ku tsaya a kansu da tawul a hannu ko faɗa zai tashi.