Keken Becky Bai Shiga Lif Ba

Yaya: To jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na saka hoton 'yar tsanar da na saya wa ɗiyata wayata ba ta huta ba, shi ya sa na ce yau ba mu da wata magana sai ta 'yar tsanar nan.

Auta: Mai keken guragu.

Yaya: Ita fa. Wata ta rubuto min, wai don me za a saya wa yaro lafiyayye 'yar tsana gurguwa, ba mugun fata ba ne?

Malam: Na ga saƙon, Yaya. Kuma ba da mugunta ta tambaya ba.

Yaya: Ko kaɗan. Amma ku ji abin da na gani da idona. Ɗiyata shekararta biyar. Ranar da na ba ta, ta ciro ta daga keken, ta kwantar, ta lulluɓe ta da ɗankwali, tana yi mata allura da fensir. Kwana uku ana jinya. Na ce, wa ya gaya miki ba ta da lafiya? Ta ce, ai a kan keke take. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata haka, a idonmu ta tsinta.

Malam: Alhali ƙididdigar UNICEF ta 2021 ta ce yara masu nakasa sun kusa miliyan 240 a duniya, ɗaya cikin goma ke nan. Amma ka zazzage kwandon kayan wasan yaro, da wuya ka ga guda.

Auta: Lego ma, masu yin ƙananan tubalan roba na wasan yara, sai 2016 suka fito da ɗan mutum a kan keke.

Malam: Auta, kar ki ambaci Lego, ƙafata ba ta warke ba.

Auta: Ka sake takawa?

Malam: Da asuba, cikin duhu, ba takalmi.

Yaya: Mai ƙwaya biyu ko mai huɗu?

Malam: Mai biyu.

Auta: Shi ya fi mugunta! Mai huɗu yana da tausayi, yana raba zafin.

Yaya: Ni na rantse da dare suke fitowa. Ka share ɗaki tsaf, gari na wayewa ga ɗaya a bakin ƙofa.

Auta: Yana jiran Malam.

Malam: Da sunana ma a jiki.

Yaya: Kai, ku bari mu koma. Ni labarin Becky ne ke cina. A 1997 kamfanin Mattel, mai yin 'yar tsanar nan Barbie, ya fito da ƙawar Barbie mai suna Becky, a kan keken guragu. Aka yi ta yabo. Sai yara suka gano keken ba ya shiga lif ɗin gidan Barbie. Kun ji fa? An yi mata keke, an yi mata murmushi, amma gidan da ƙawayenta ke taruwa ba za ta hau bene ba. Daga baya ma aka daina yin ta.

Malam: Kamar dai a gaske.

Yaya: Sak! Wanda ke kan keke ya san wannan matakalar, kullum da ita yake kwana. Sai 2019 suka dawo da mai keke, aka haɗo ta da gangaren hawa. A shekarar ce kuma suka yi mai ƙafar roba, da shawarar Jordan Reeves, yarinyar da ita kanta da hannu ɗaya cikakke aka haife ta. An tambayi mai abin, shi ne bambancin. Mai na'urar ji ta zo a 2022, makauniya mai sanda a 2024.

Malam: Kuma iyaye ne suka matsa. A 2015 Rebecca Atkinson, 'yar jarida a Birtaniya mai matsalar ji, ta haɗu da wasu iyaye suka fara Toy Like Me, suna maƙala wa 'yan tsana sanda da na'urar ji suna yaɗa hotunan.

Auta: Ni wanda ya burge ni Lego mai rubutun makafi. Ƙwayoyin saman su ne harafin, ga kuma harafin a rubuce a jiki, makaho da mai gani su zauna tabarma ɗaya.

Yaya: Bari in ƙarasa miki na ɗiyata. Bayan mako guda na leƙa, ta jera sauran 'yan tsanan a ƙasa, mai keken ce malamarsu. Ta jingina kwali a jikin littattafai biyu. Na ce wannan fa? Ta ce, ta nan malama za ta shiga aji.

Malam: Masha Allah. To shawarwari uku da na shirya wa iyaye, na farko...

Auta: Malam, lokaci ya tafi, saura daƙiƙa ashirin.

Malam: Ko ɗaya?

Yaya: Ka riƙe su sai mako mai zuwa. Wadda ta rubuto min, don Allah ki sake rubutowa, ina son jin ta bakinki. Sai an jima, jama'a.