2,147,483,647: Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Ɗauki ƙwayar gero ɗaya. Ninka ta, ta zama biyu. Sake ninkawa, huɗu, takwas, sha shida. Ci gaba har ninki 31, sannan ka cire ƙwaya ɗaya tak. Abin da ya rage shi ne lambarmu ta yau: 2,147,483,647. Biliyan biyu da ɗoriya.

To, gwada raba geron nan daidai wa daida. Mutum biyu, saura ɗaya. Mutum uku, saura ɗaya. Biyar, saura biyu. Bakwai, saura ɗaya. Ko kwana za ka yi kana kasawa, sai an sami ragowa. Babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, wato lamba ce mara rabuwa.

Masu irin wannan asali, ninkin biyu a cire ɗaya, ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya jera su a 1644. Kada ka ɗauka duk ɗan gidan ne ke ƙin rabuwa. Ninka sau 11 ka cire ɗaya, ka sami 2,047, wanda 23 sau 89 ne. Tamu ita ce ta takwas cikin waɗanda suka tsira. Ita kanta 31 ɗin, ninkin biyu sau biyar ce a cire ɗaya. 'Yar gado ke nan, kuma masu irin wannan gado huɗu kacal aka sani.

Wa ya tabbatar? Leonhard Euler, a 1772, yana birnin St. Petersburg na Rasha, a lokacin da idanunsa sun riga sun tafi. Ba kwamfuta, ba na'urar lissafi. Dabararsa ita ce abin burgewa. Da farko, ba sai ka wuce 46,341 kana gwaji ba, domin idan lambobi biyu suka haifi tamu, dole ɗayarsu ta gaza haka. Na biyu, duk lambar da za ta iya raba ta, sai ta kasance mai barin ragowar 1 idan an kasa ta 62. Nan take 'yan takara suka dawo ƙasa da 750, ya ƙara tace su, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta shiga. Sai a 1867 aka sami mara rabuwa da ta fi ta girma.

Lambarmu kuma tana haifar da cikakkiyar lamba, irin su 6, wadda masu raba ta, 1 da 2 da 3, ke haɗuwa su ba da 6. Ninka tamu da 1,073,741,824, ka sami cikakkiya ta takwas, mai alƙaluma 19.

Ga inda ta shafe ka. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga. A ma'aji mai gurbi 32, gurbi ɗaya na nuna ko lambar ta haura sifili ko ta gaza, saura 31. Cika su duka da ɗaya, ka iso lambarmu, bango ke nan. Tsofaffin na'urori da yawa na ƙirga daƙiƙoƙi ne tun 1 ga Janairu 1970, kuma ma'ajin zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 na dare agogon GMT. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta ce maka ana cikin Disambar 1901.