Gano cutar daji a gidan yari: inda jinkiri yake shigowa

Jama'a masu kallo, a Ingila hukumar lafiya ta NHS tana aika wa mutane wasiƙar gayyata domin a tantance su tun kafin su ji wani ciwo a jikinsu. Ana gayyatar mata masu shekara 25 zuwa 64 gwajin sankarar bakin mahaifa, ana kuma kiran waɗanda suka kai shekara 50 a ɗauki hoton mama duk bayan shekara uku. Gwajin sankarar hanji kuwa har gida ake aiko shi ta gidan waya, mutum ya ɗibi ɗan bahayarsa ya mayar a duba ko akwai ɓoyayyen jini. Duk wannan tsari ya dogara ne a kan abu biyu: adireshin da mutum ya yi rajista da shi a wurin likitan unguwarsu, da kuma 'yancinsa na tashi ya je asibiti ranar da aka sa masa. Wanda aka ɗaure ba shi da ko ɗaya a cikinsu. Sau da yawa wasiƙarsa takan tafi gidan da ya bari, shi kuma yana can a kulle bai san an kira shi ba.

A ƙa'ida bai kamata hakan ta faru ba. Dokokin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a shekarar 2015, sun ce fursuna yana da haƙƙin samun kulawar lafiya daidai da wadda ake samu a waje, kuma kyauta. Kafin su, Dokokin Bankok na shekarar 2010, waɗanda suka keɓanta ga mata fursunoni, sun ambaci gwajin bakin mahaifa da tantance sankarar mama da sunansu, suka ce a yi wa matan da ke tsare kamar yadda ake yi wa sa'o'insu da ke gida. A Amurka ma, tun shekarar 1976 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa yin biris da babbar rashin lafiyar fursuna da gangan ya saɓa wa tsarin mulki.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne mutanen da ke kurkuku sun fi sauran jama'a haɗuwa da abubuwan da ke jawo cutar daji. Shan taba ya yawaita a cikinsu, haka nan tarihin shan giya da allurar ƙwaya, ga ciwon hanta nau'in B da C wanda kan rikiɗe ya zama sankarar hanta, ga ƙwayar HIV, ga kuma ƙwayar HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa. Da yawa daga cikinsu sun taso ne cikin talauci, ba su saba zuwa asibiti ba tun kafin a kama su. Sannan fursunoni suna ta tsufa a ciki: a Ingila da Wales, kusan mutum ɗaya cikin shida da ke tsare ya kai shekara 50, alhali cutar daji ta fi kama manya. A gidajen yarin jihohin Amurka, ita da ciwon zuciya su ne kan gaba wajen kashe fursunoni.

A shekarar 2024 mujallar Lancet Oncology ta buga wani bincike da masana daga King's College da ke Landan suka yi tare da abokan aikinsu, inda suka duba bayanan masu cutar daji a Ingila daga 1998 zuwa 2017. Da suka kwatanta fursunoni da irinsu na waje, sai suka ga yiwuwar a yi wa fursuna maganin da ake fatan zai warkar da shi, musamman tiyata, ta gaza ta na waje da kashi 28 cikin ɗari, haɗarin mutuwarsa kuma ya fi nasu. Wannan a ƙasar da magani kyauta ne, wadda kuma hukumar lafiyarta ce da kanta take kula da asibitocin gidajen yari. Ke nan ba kuɗin magani ne matsalar ba a can.

Matsalar tana kan hanyar da maras lafiya zai bi kafin ya isa gaban ƙwararren likita, kuma ya dace mu bi ta daki-daki. Fursunan da ya ga jini a bahayarsa, ko ya ji kumburi a jikinsa, ko ya ga yana ta rama ba dalili, ba zai miƙe ya tafi wurin likita ba. Sai ya cike takardar neman izini, takardar ta bi ta hannu da hannu, sannan a sa shi a layi. Idan ya samu ganin ma'aikacin jinya yana kukan ciwo, akwai wani zargi da ke bin fursunoni ko'ina, wato cewa ƙwayar kashe zafi kawai suke nema, kuma wannan zargin kaɗai ya isa ya sa a sallami mai ciwon gaske da farasitamol. Idan likita ya yarda a tura shi babban asibiti domin ɗaukar hoto ko yankar tsoka a gwada, sai wata matsalar ta taso: ba ya fita sai da rakiyar gandirobobi, yawanci biyu, kuma gidan yari yana da iyakar mutanen da zai iya fitarwa a rana. Ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci, ko wani ya faɗi aka garzaya da shi cikin gaggawa, sai a soke fitar wanda ke jiran gwaji, ya koma bayan layi. Ba a kuma gaya masa ranar da zai je, saboda tsoron kada a shirya kuɓutar da shi a hanya, don haka ba shi da halin bibiya idan ranar ta wuce, tunda bai san da ita ba.

A asibitin ma ba a gama ba. Yakan shiga ɗakin likita da ankwa, a ɗaure da hannun gandiroba, a haka za a tambaye shi abin da ya shafi al'aurarsa ko bahayarsa, a haka kuma wani lokaci ake gaya masa yana da cutar daji, ba ɗan'uwa ko ɗaya a kusa. Ba abin mamaki ba ne idan wasu, musamman mata, suka ƙi zuwa saboda kunya. Mata da yawa da ke tsare sun taɓa fuskantar cin zarafi, don haka gwajin bakin mahaifa yana musu wuya ko da babu idon baƙo. Ga kuma yawan sauya wa fursuna gida, wanda kan sa a ɗauke shi zuwa wani gari ana tsakiyar bincike, sakamakon gwajinsa ya maƙale a asibitin da ya bari.

A Amurka akwai ƙarin shinge, domin jihohi da yawa suna cajin fursuna 'yan daloli kafin ya ga likita. Kuɗin ba su da yawa a ido, amma ga wanda ladan aikinsa na awa guda bai kai dala ɗaya ba, dalili ne na ya haƙura da ciwo har sai ya tsananta.

Duk da haka, zaman gidan yari yana iya zama damar da mutum bai taɓa samu ba a waje, domin an san inda yake kuma akwai ma'aikatan lafiya kusa da shi. Ingila ta gwada wannan a kan ciwon hanta: daga shekarar 2014 aka fara yi wa masu shigowa gwajin hanta da na HIV kai tsaye, sai dai in mutum ya ce ba ya so, kuma ciwon hanta nau'in C yanzu yana warkewa da ƙwayoyin mako 8 zuwa 12, abin da ke rage haɗarin sankarar hanta. Gwajin hanji ma ba ya buƙatar fita, haka nan ana iya yin na bakin mahaifa a ɗakin jinyar gidan yari, a kuma kawo motar ɗaukar hoton mama har cikin harabar. Duk gwajin da aka yi a ciki ya tsallake matsalar rakiya, ko da yake wanda aka ga alama a jikinsa dole ya fita domin a tabbatar.

Sakin fursuna ma wani mahaɗi ne da ake ɓacewa a cikinsa. Wani bincike da aka yi a jihar Connecticut ta Amurka, aka buga a shekarar 2022, ya nuna cewa waɗanda aka gano musu cutar daji a cikin shekara guda da fitowarsu su ma haɗarin mutuwarsu ya fi na waɗanda ba a taɓa ɗaurewa ba. Mutum yakan fito ba masauki, ba aiki, ba likitan da ya san shi, takardun asibitinsa kuma sun tsaya a gidan yari, don haka gwajin da aka fara a ciki sai a rasa mai ƙarasa shi.