Godiyata ga 'yan uwa bayan rasuwar Inna

Salama alaikum. Shugaba, iyayenmu maza da mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, sannunmu da wannan sanyi na Mancesta. Shugaba ya ce minti biyar aka ba ni, to in na ɗan wuce ku yafe min, maganar uwa ce.

Godiya na tashi yi. Ranar da aka bugo min daga gida cewa Inna ta cika ina tsakiyar aikin dare ne, wurin aiki kuma ba su sake ni da wuri ba, kafin in gama neman hutu da tikiti har an sa ranar biso, a waya na kalli yadda aka saka uwata a ƙasa, hoton ma yana tsayawa yana tafiya. Amma kafin azahar ɗin ranar falona ya cika da ku. Hajiya ta shigo da tukunyar tuwo da miyar kuka, ko tambayata ba ta yi ba ta wuce kicin, Alhaji da su Malam suka zauna da maigidana har dare, matasanmu suka kwashe yara suka kai makaranta sati guda cur. Yawancinku Musulmi ne, kun san mu Katolika ne, ba wanda ya tsaya duba wannan. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Akwai 'yar uwa a nan da ta ce min ita wallahi ba ta taɓa sanin akwai Bahaushiya Katolika ba sai da ta haɗu da ni. Ban ji haushi ba ko kaɗan, shi ya sa ma nake so in ɗan ba ku labarin Inna. A wani ƙauye ta tashi a ƙasar Malumfashi, iyayenta Maguzawa ne manoman dawa da auduga, zamanin da Fadoji 'yan Dominikan daga Amurka suke yawo ƙauyukan nan. Tana budurwa ta yi baftisma. Ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma katikisim ɗin nan, wato koyarwar addinin Katolika, kaf a kanta yake, in katikis, malamin coci, ya yi tuntuɓe a addu'a daga bayan coci za ka ji muryarta ta gyara masa. Cocin namu ma na ƙasa ne da rufin kwano, Fada sai wata-wata yake zuwa a kan babur, in aka ce a wani ƙauyen zai yi Mas, babbar sujadar Katolika, to haka za ta goya ƙaninmu ta tasa mu gaba tun da duhu, ko da damina ce rafi ya kawo.

Agogonta kiran sallar asuba ne. Ladan na ɗaga murya za ta sauko daga gado ta durƙusa a tabarma ta ɗauko rosari, carbinmu na Katolika, maƙwabta na alwala ita tana "A gaishe ki Maryamu cike da alheri", goma-goma sau biyar, ba ta taɓa tsallakewa ba ko tana zazzaɓi. Watan Mayu da Oktoba kuwa ba mai kwanciya a gidanmu sai an yi tare, muna gyangyaɗi tana taɓo mu da mafici.

Da kuɗin daddawa ta yi mana makaranta. Duk wanda ya san aikin kalwa ya san wahala ce, a dafa kwana guda, a surfa, a wanke, a rufe ta kwana biyu uku, hannunta har ta tsufa warin bai bar shi ba, kuma a cikin wannan ɗan cinikin sai ta ware na baikon coci ta ƙulle a bakin zane daban, ko gishiri ya ƙare ba a taɓa shi. Ranar Zumuntar Mata Katolika in ta ɗaura zanen ƙungiya ta rungumi tulun kiɗa sai ka rantse wata ce daban, matar da a gida ba ta cika magana ba ita ce mai ba da waƙa.

Labari biyu ne ba ta gajiya da su. Na farko zuwan Fafaroma John Paul na biyu Kaduna a watan Fabrairun 1982, a bayan babbar mota suka tafi ita da matan zumunta, suka kwana a waje, ta ce daga nesa ta hango shi kamar ɗan farin tsuntsu a Dandalin Murtala yana naɗa sababbin Fadoji, amma har ta rasu cewa take "ranar da muka gaisa da Fafaroma". Na biyu kuma ƙarshen 2023 da aka ba Katsina dayosis nata, wato yankin coci mai bishop na kansa, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasarmu. Lokacin ƙafa ta riga ta ƙi, ba ta je ba, amma ta sa aka kira ni tana kuka tana cewa yau ɗanmu ne ya riƙe sanda.

Abin da na fi so ku ji shi ne zamanta da maƙwabta, don abin da kuka yi min shi na tashi ina gani. Da azumi ita ke dama kunun tsamiya ta aike mu gidaje kafin a sha ruwa. Da babbar Sallah naman layya har ya yi mana yawa. In Kirsimeti ta zo ba ta yarda Baba ya yanka ko kaza, sai an kira Malam na maƙwabta ya yanka, don kowa ya ci shinkafarta hankali kwance. Haihuwar da ta karɓa a unguwar nan ba ta ƙirguwa, kuma an ce min ranar bisonta matan da suka cika tsakar gida da hijabi sun kusa fin 'yan zumunta yawa.

Jikokinta na nan, ga su can baya, Hausarsu duk a karye take, laifinmu ne mu iyaye ba nasu ba. Amma duk Lahadi da yamma sai an riƙa mata waya ta koya musu "Ubanmu wanda ke cikin sama" kalma-kalma, suna faɗa tana dariya tana sake maimaitawa. Ƙaramar ita kaɗai ta haddace har ƙarshe. Shi ya sa Shugaba, maganar ajin Hausa na yara ranar Asabar da ake ta ɗagawa, don Allah a sa sunana, zan riƙa zuwa.

Ni ce 'yar fari, kun san alkunya, tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a waya sai dai "ke". Da can abin yana min ciwo. Bayan biso ƙanwata da ta yi jinyarta take gaya min duk dare in ta gama rosari sai ta jero sunan 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kaina sai ta yi shiru ta ɗan jima, sannan ta ce "da waccan ta Ingila, ka san ta".

Ubangiji ya ba ta hutawa ta har abada. Ku ma Allah ya jiƙan naku da suka riga mu. Lahadi mai zuwa za a yi mata Mas a cocinmu, bayan nan akwai abinci a gida, kuma Alhaji ne zai kawo naman. Na gode.